Idan masana'anta ta koma ta kwamfuta, wa zai riƙa juya bawul?

Mai Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake so mu baje ta a faifai. Duk inda aka zauna yanzu ana zancen masana'antu, waƙar ɗaya ce: a jona kowace na'ura da kwamfuta, a tara bayanai, sannan a miƙa wa ƙirƙirarriyar basira ragamar matatar mai ko kamfanin siminti ta tafiyar da shi ita kaɗai. Tun da Jamusawa suka fito da taken Industrie 4.0 a baje-kolin Hanover na 2011 ake ta wannan kiɗa. Ni sana'ata ita ce APC, wato manhajar da ke zaune a saman DCS, tsarin kwamfutocin da ke sarrafa masana'anta, tana faɗa wa ƙananan kwantrololi inda za su tsaya. Ga abin da na gani, kuma a kansa na tsaya: nan gaba ba sabon lissafi ne zai raba masana'antar da ke cin riba da wadda ke asara ba. Abin da zai raba su shi ne wace ce ta iya barin abin da ta riga ta saya a kunne yana aiki. Mai ja ya ja.

Ɗaliba:
Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin a yi nisa, don Allah a tausaya wa irinmu da ke aji. Mene ne ainihin bambancin APC da PID ɗin da ake koya mana?

Mai Lissafi:
To ƙanwata. PID ƙaramin kwantrola ne, abu ɗaya yake kallo, abu ɗaya yake juyawa. Ya duba zafin tanderu, ya gwada shi da inda aka ce ya tsaya, ya ƙara ko ya rage bawul ɗin gas. Tsoho ne ƙwarai. Minorsky ya rubuta lissafinsa a 1922 a kan tuƙin jirgin ruwa, Ziegler da Nichols suka fitar da hanyar saita shi a 1942, kuma har gobe shi ke ɗauke da mafi yawan aikin kowace masana'anta.

Inda yake gazawa shi ne wurin da abubuwa suka sarƙe. Ɗauki hasumiyar tacewa. Kin ƙara tururi a gindinta don abin da ke fita ta ƙasa ya yi tsabta, bayan 'yan mintoci na sama ya gurɓace, matsi ya hau, na'urar sanyayawa ta kai iyakarta. Kowane PID yana gyara nasa yana ɓata na maƙwabcinsa.

MPC, wanda shi ne ƙashin bayan APC, yana riƙe da samfurin lissafi na yadda masana'antar ke amsawa: in aka taɓa wannan, wancan zai motsa da kaza bayan minti kaza. Duk minti ɗaya sai ya hango inda komai zai kai nan gaba, ya tsara jerin matakai, ya aiwatar da na farko kawai, ya sake aunawa, ya sake lissafi daga farko. Ribarsa ba a daidaita layi a kan allo take ba. Ribar ita ce in ya rage tangal-tangal, za ki iya matsar da masana'antar daf da iyakarta ba tare da ta tsallake ba. Jacques Richalet ya wallafa nasa a Faransa a 1978, Charlie Cutler da abokin aikinsa a Shell suka gabatar da nasu mai suna DMC a 1979. Binciken Qin da Badgwell da ya fito a 2003 ya ƙirga sama da 4,500 da aka girka, mafi yawansu a matatun mai da kamfanonin sinadarai.

Ɗan Data:
Injiniya, da girmamawa, ni kam na ja. Kai da bakinka ka ce fasahar ta haura shekara 40. A 2022 Yokogawa da kamfanin sinadarai na JSR a Japan sun bar manhaja mai koyo da kanta ta sarrafa wani sashe na hasumiyar tacewa kwana 35 a jere, awa 840. Kuma wurin da ta riƙe wuri ne da PID da APC suka kasa, ofaretoci ke ta juya bawul da hannu. Daga baya ENEOS Materials, da masana'antar ta koma hannunsa, ya ɗauke ta aiki na dindindin a wannan sashe. Wannan ba talla ba ce, abu ne da ya faru. In wannan ba makoma ba ce, mece ce?

Mai Lissafi:
Ya faru, kuma aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma ka duba yadda aka yi shi. Ba a cikin hasumiyar ta yi koyonta ba, a kwaikwayon masana'antar na cikin kwamfuta ta koya. Ke nan sai da wani ya zauna ya gina samfurin da ya yi kama da gaskiya, wanda shi ne wahalar da muke sha tun asali. Sannan an ɗora ta a kan DCS ɗin da ke wurin, da duk makullan kariya na da suna nan daram. Kuma lungu ɗaya ta riƙe, ba masana'anta ba. MPC guda a babban sashen matata yana iya juya abubuwa da dama yana lura da iyakoki masu yawa a lokaci ɗaya, kuma in ka tambaye shi me ya sa ya rage ɗanyen kaya, zai nuna maka iyakar da ta tare shi.

Baban Shif:
Ku bar ni in sa baki, ni da na tsufa a ɗakin sarrafawa. Ku injiniyoyi kuna auna abin nan da jadawali. Mu awonmu ɗaya ne: ƙarfe uku na dare, yana kunne ko yana kashe?

Ga yadda abin ke faruwa. Kana zaune gaban allo, komai lafiya, sai ka ga kwantrola ya fara janye tururi a hankali. Ba wanda ya gaya maka dalili. Ka duba zafi, daidai. Ka duba matsi, daidai. Shi kuwa sai ja yake yi. Injiniyan da ya gina shi yana gida yana barci, kuma in kaya suka lalace sunanka ne a littafin shif, ba nasa ba. Me za ka yi? Ka danna shi ya koma manuwal, ka rubuta "an kashe APC". Na safe ya zo ya tarar da shi a kashe, ya ce akwai dalili, ya bar shi. Haka zai kwana ya wuni har a manta an taɓa sayensa. Na ga wannan a wuri fiye da ɗaya. Ba gaba muke yi da na'ura ba, yaro. Abin da ba ka gane ba, ba ka yarda ka kwana da shi.

Ɗan Data:
Baba, ai wannan matsalar allo ce da horo. A gyara yadda yake bayyana dalilinsa, shi ke nan.

Baban Shif:
In MPC da ke iya nuna dalilinsa ana kashe shi, ina ga wanda ko wanda ya gina shi ba zai iya gaya maka dalla-dalla me ya sa ya yi kaza ba?

Mai Awo:
Ni ma'aikacin kayan awo ne, kuma duk kuna magana a bene na sama alhali tsagewar a ƙasa take. Sau da yawa abin da Baba ya gani da dare ba laifin lissafi ba ne, bawul ne ke maƙalewa.

Ga yadda yake. An matse abin toshe yoyon sandar bawul da ƙarfi, ko datti ya taru. Kwantrola ya ce buɗe kaɗan, bawul bai motsa ba. Ya ƙara, shiru. Iskar da ke tura shi na ta taruwa a kansa, can sai ya fizge ya wuce inda ake so. Kwantrola ya ce koma baya, ya sake maƙalewa. In ka buɗe jadawali za ka ga umarnin yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, shi kuwa ruwan da ke wucewa yana tsalle tsakanin matakai biyu. Ka ɗora kowace irin basira a kan wannan bawul, amsar ɗaya ce. In ma mai koyo ce, to halin bawul mara lafiya za ta koya, ranar da muka gyara shi kuma ta ruɗe.

Haka na'urar awo. Bututun da ke kai matsi ya toshe, lamba ta tsaya cak, a allo sai ka ga layi miƙaƙƙe gwanin sha'awa. Matatar BP ta Texas City a Amurka, 23 ga Maris 2005, na'urar auna tsayin ruwa a hasumiya tana nuna yana sauka alhali hasumiyar cika take yi. Mutum 15 suka rasu. Dalilan hatsarin suna da yawa, amma wannan yana ciki. Ni dai abin da ke ba ni takaici, kuɗin sayen sabuwar manhaja ba ya wuyar fitowa, amma ka nemi a sauke bawul goma a yi musu aiki lokacin da aka tsayar da masana'anta, sai a ce a bari sai zagaye na gaba.

Ɗaliba:
Malam Mai Awo na gode, wannan ba ya cikin littafinmu. Injiniya, tambaya: in an gyara bawul, an gina samfurin daidai, me zai sa ya lalace kuma?

Mai Lissafi:
Saboda masana'anta ba ta zama yadda kika bar ta. Na'urorin musayar zafi suna yin dauɗa, sinadarin da ke hanzarta haɗuwa yana tsufa, an canza inda ake sayen ɗanyen kaya, an sauya famfo, an sake saita wani PID a ƙasa ba a gaya wa kowa ba. Samfurin yana nan yana tsammanin amsa za ta zo bayan minti 10, ita kuwa yanzu sai bayan 15. Sai ya ƙara turawa, ya wuce gona da iri, ya dawo. Daga nan sai hannun Baba ya kai kan maɓalli, kuma da gaskiyarsa.

A da maganin shi ne a sake gwajin mataki: injiniyoyi su tare a ɗakin sarrafawa dare da rana, a ɗan motsa wannan a jira a ga amsa, a motsa wancan, makonni ana yi. Yana da tsada, yana takura wa ofaretoci, shi ya sa ake ta ɗage shi. To a nan ne ni nake ganin zamani ya kawo alheri na gaske. Manhajojin yanzu suna iya yin ƙananan gwaje-gwajen nan da kansu alhali kwantrola na kunne, su gano wane sashe na samfurin ne ya kauce. Sai kuma awo na ƙiyasi. Maimakon a jira sakamakon ɗakin gwaji da ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shif, manhaja ta ƙiyasta ingancin kaya duk minti daga zafi da matsi da gudu, in sakamakon ya iso a gyara ta da shi. Nan koyon na'ura yana da wurin zama babba. Ɗan Data, ka ga ban kore ku ba. Kujerar direba ce kawai ban yarda a ba ku yanzu ba.

Ɗan Data:
To ai ka zo inda nake so. Wa zai yi wannan kulawar da kake ta faɗa? Masu irin iliminka ba su da yawa, irin su Baba suna ta ritaya, kuma ƙananan masana'antu ba su taɓa iya ɗaukar injiniyan APC na kansu ba. In ka ce sai da ƙwararre a kowane wuri, to ka yanke wa mafi yawan masana'antun duniya hukuncin zama da PID da hannu har abada. Ni abin da nake hange shi ne a kwashe bayanai zuwa manyan rumbunan intanet, ƙwararru kaɗan su lura da masana'antu da yawa daga nesa, manhaja ta riƙa sabunta samfurin.

Hajiya Tsaro:
Na yi shiru ina karantawa, amma da aka zo kan "daga nesa" dole in yi magana. Ƙanina, akwai bambanci tsakanin karanta bayanai daga na'ura da rubuta mata umarni, kuma a kan wannan bambancin rayuka suke.

Yawancin yarukan da na'urorin masana'anta ke magana da su an ƙirƙire su ne lokacin da ba wanda ya yi tunanin baƙo zai shigo layin. Modbus, ɗaya daga cikinsu, na 1979 ne, kuma a asalinsa ba ya tambayar wane ne kai. Ka aika umarni, ya bi. Stuxnet, shirin kwamfuta na ɓarna da aka gano a 2010, ya shiga na'urorin Siemens a cibiyar nukiliya ta Natanz a Iran, yana lalata injuna yana nuna wa masu lura cewa komai lafiya. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wani irinsa mai suna Triton a 2017, a wata masana'antar sinadaran fetur a Saudiyya. Wannan kai tsaye ya nufi na'urorin Triconex, wato tsarin kariyar da aikinsa kawai shi ne ya kashe masana'anta kafin ta fashe. An gano shi ne saboda ya yi kuskure ya sa masana'antar ta tsaya.

Shi ya sa nake ganin hikimar tsarin da ƙungiyar NAMUR ta Jamus ta kawo, NOA: a buɗe hanya ta biyu da bayanai za su fita don nazari da lura da lafiyar na'urori, a bar zuciyar sarrafawa a killace. Duk abin da zai dawo ciki sai ya bi ta ƙofar tantancewa. A yi nazari a nesa, na yarda. Amma umarnin da ke taɓa bawul ya fito daga cikin katanga.

Mai Lissafi:
Hajiya ta gama magana. In ƙara da cewa babu ma buƙatar fitar da shi. Lissafin da MPC ke yi duk minti kwamfuta ɗaya ta ofis ta ishe shi. Gina samfurin ne ke cin ƙarfi, shi kuwa ba ya gaggawa.

Ɗan Data:
Na karɓi wannan, a bar umarni a gida. Amma Hajiya, katangar da kike karewa ita ce kuma ta sa masana'antu suka zama bayin kamfani ɗaya. Tun da Honeywell da Yokogawa suka fito da DCS a 1975, in ka sayi na wani to ka aure shi shekara 20 ko 30. Ba don haka ba ne ExxonMobil ya matsa aka kafa dandalin da ke rubuta ƙa'idar O-PAS, don a iya haɗa kayan kamfanoni daban-daban? In hakan ta tabbata, sa sabon kwantrola zai zama abu mai sauƙi, ba aikin shekara ba.

Hajiya Tsaro:
Buɗaɗɗiyar ƙa'ida daban, buɗaɗɗiyar ƙofa daban. OPC UA, wani yaren na'urori na zamani, buɗaɗɗe ne kuma yana da tantancewa da ɓoye saƙo a jikinsa, in an kunna su. Matsalar ita ce sau nawa ake kunnawa. Ƙa'idar tsaro ta IEC 62443 ta ce a raba masana'anta shiyya-shiyya a tsare mashigin kowace. Ba ta hana ka haɗa kayan kamfani uku ba. Tambayata dai ita ce, in abu ya lalace tsakanin kayan kamfani uku, wa za a kira da tsakar dare?

Mai Awo:
Ni za a kira, Hajiya, kamar kullum. Amma in faɗi gaskiya akwai abin da nake marmari a sabon zamanin. Na'urorin da muke da su yanzu sun san ciwon kansu. Na'urar saita bawul ta zamani tana ƙirga sau nawa ya motsa, tana auna yadda yake tirjewa. Bayanan suna nan a cikinta, amma tsohuwar wayar sigina ta 4 zuwa 20 mA lamba ɗaya take kawowa, HART kuma, wato saƙon dijital da ke hawa kanta, bit 1,200 ne kawai a daƙiƙa. Ethernet-APL, sabon layin sadarwa na na'urorin awo da aka ƙaddamar a 2021, yana kawo megabit 10 da wuta a kan waya biyu, har tsawon mita 1,000 a babban layi. In wannan ya yaɗu, zan san bawul ya fara ciwo kafin ya kai ga dame wa Injiniya lissafi. Sai dai a samu wanda zai karanta, a kuma ba shi izinin gyarawa.

Baban Shif:
Akwai abu ɗaya da ba ku taɓo ba, kuma shi ya fi damuna. A ce duk kun yi nasara, kwantrola yana kunne wata da watanni ba ya kuskure. Yaron da aka ɗauka aiki bana, yaushe zai koyi riƙe hasumiya da hannunsa? Mu mun koya ne saboda dole. Shi kuwa zai shekara yana kallon allo. Ranar da wuta ta ɗauke, ko famfo ya tsaya, na'urar za ta ce wannan ya fi ƙarfina ta sakar masa, a daidai lokacin da abin ya fi wuya.

Mai Lissafi:
Baba, abin da ka faɗa wata masaniya 'yar Birtaniya, Lisanne Bainbridge, ta rubuta shi tun 1983, kuma har yau ba a warware shi ba. Ga kuma ambaliyar ƙararrawa a irin wannan lokaci: a matatar Milford Haven ta Birtaniya a 1994, ofaretoci biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 a minti 11 na ƙarshe kafin fashewar. Bayan nan ne aka fito da jagorar EEMUA 191, wadda ta ce a zaman lafiya bai kamata ofareta ya riƙa samun fiye da ƙararrawa ɗaya a minti 10 ba. Yanzu kowace sabuwar manhaja tana zuwa da nata gargaɗin, in ba a yi hattara ba za mu koma gidan jiya.

Hajiya Tsaro:
Kuma ranar komawa hannu tana zuwa. A Maris 2019 da masu kutse suka kulle kwamfutocin Norsk Hydro, kamfanin alminiyum na Norway, sassa da yawa da hannu da takarda suka ci gaba da aiki. Sun iya ne don akwai waɗanda suka san aikin.

Ɗan Data:
To ga amfanin kwaikwayon masana'anta da Injiniya ya ambata. In har an kashe kuɗi an gina shi don horar da manhaja, a horar da mutane da shi mana. Kowane wata a zaunar da yaron, a kashe masa famfo a cikin kwamfuta, a ga yadda zai yi. Baba, irinku ya kamata su tsara waɗannan darussan kafin ku tafi.

Baban Shif:
Wannan kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ɗana. In za a kira mu, za mu zo. Amma a sa shi cikin lokacin aiki, kada a ce yaro ya zo ranar hutunsa.

Ɗaliba:
Ina da tambaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri. An koya mana cewa duk canjin da za a yi a masana'anta sai an rubuta, an duba hatsarinsa, wani ya sa hannu. To in manhaja tana sabunta samfurinta da kanta, wa ke sa hannu?

Mai Lissafi:
A wuraren da na yi aiki, manhajar tana kawo shawara ne, injiniya ya duba ya amince kafin sabon samfurin ya hau. Tsarin kariya kuma, wanda ƙa'idar IEC 61511 ke magana a kansa, ba ya cikin wannan zance sam, yana zaman kansa, ba mai koyo da ke taɓa shi.

Ɗan Data:
Wannan zai yiwu in kwantrola biyar ne. In sun kai ɗari, injiniyan zai koma danna "na amince" ba tare da ya karanta ba. Gara a shata mata iyaka tun farko, a ce tsakanin nan da nan kina iya canzawa da kanki, in za ki wuce sai da mutum. A sa hannu a kan iyakar, ba a kan kowane canji ba.

Hajiya Tsaro:
In haka ne, a ajiye tarihin kowane canji inda ba mai iya gogewa, kuma a iya komawa samfurin jiya da maɓalli ɗaya.

Baban Shif:
Kuma maɓallin ya kasance a teburin ofareta. A kuma rubuta mana a littafin shif cewa an canza, da abin da aka canza, kafin mu karɓi aiki.